Suspension da Hausa: ni dai na tsaya a kan "gammon mota"

1/ Ƴan uwa, wata kalma ce ta hana ni sakat tun makon jiya: suspension, ta mota, wato kayan da ke tsakanin jikin mota da tayoyinta. A garejojin Yamai da bakin Faransanci muke faɗinta, sispansiyon, ko kuma mu gajarce zance mu ce amortisar, a wuce wurin. Wannan gajarcewar ta ci wa ƙanena kuɗi har sau biyu, shi ya sa nake so mu zauna mu raɗa mata suna.

2/ Ƙanen nawa yana da Corolla, shigowar Kwatano tun kafin a rufe iyakar Gaya a 2023. Ya riƙa ganin motocin samari a bidiyo, cikinsu kamar zai shafi ƙasa, ya ce shi ma sai an yi wa tasa. Bai nemi gajerun rasor (naɗaɗɗen ƙarfen da jikin mota ke zaune a kai) da aka ƙera don wannan aiki ba. Injin yankan ƙarfe aka ɗauko, aka datse zagaye ɗaya da rabi daga kowane rasor, mota ta yi ƙasa da kamar yatsa uku. Sati biyu yana murna. Daga nan kowane tudun rage gudu sai ka ji kwas daga gaba. In ya sauka daga kwalta ya shiga jar ƙasar Talaje, mota ta dinga tsalle ke nan kamar ɗan akuya, sitiyari yana fizgar hannunsa.

Ya je gareji ya ce amortisar ta mutu. Aka canza. Wata biyu sabuwar ta fara zubar da mai. Aka sake canzawa. Ban ga laifin yaran da suka yi aikin ba sosai: abin da mai mota ya ambata shi suka cire, shi suka ɗaura.

3/ A wuri na uku ne muka samu wani dattijo. Bai ce komai ba sai da aka ɗaga motar ya leƙa, sannan ya ce, "Ɗana, wa ya taɓa ƙafar motar nan?" Ya ɗauki lokaci yana nuna mana, ni kuwa a nan na gane cewa abin da muke kira da suna ɗaya taron abubuwa ne, kowanne da aikinsa.

Rasor shi ke ɗauke da nauyin mota. Amortisar ba ta ɗaukar nauyi, aikinta kashe tsallen rasor, ta hanyar matse mai ta ƴan ƙananan ƙofofi a cikinta. Akwai hannuwan ƙarfe masu riƙe taya a mazauninta, da rotil da ke ba su damar juyawa, da robobin silamblok a mahaɗarsu. Akwai kuma wata ƴar roba a jikin sandar amortisar wadda ke tare ta kada ta nutse har ƙarshe.

To ga abin da yankan ya jawo. Rasor, in ka rage masa zagaye, ƙara tauri yake yi: mai zagaye 6 masu aiki, ka cire 1, taurinsa ya ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar. Amortisar ta asali an auna ta ne da rasor mai laushi, ba ta iya riƙe wannan, shi ne tsallen. Sannan tazarar da taya ke da ita ta hawa sama kafin ƙarfe ya haɗu da ƙarfe ta ragu. Sandar amortisar tana zaune can ƙasa kullum, kowane rami sai ta daki ƴar robar nan. Ta motarmu ta riga ta farfashe, ta zama gari. Daga nan dukan ya koma cikin amortisar kanta, marfin mai ya saki. Ko sau goma aka sa sabuwa, hanyar da za ta bi ke nan.

Bai tsaya nan ba. Ya sa ƙanena ya shafa tayoyin gaba ta ciki: sun cinye, gefen waje kuwa kamar sabo. Saukar da mota yana karkatar da kan taya ciki, yana kuma ɓata saitin paralelizim, wato daidaita tayoyi su fuskanci gaba sak, kuma ba a sake saitin ba bayan yankan. Sandar sitiyari ma ta bar kwanciyarta ta asali, don haka duk sanda taya ta hau tudu sai ta ɗan juya da kanta. Fizgar ke nan. Robobin silamblok an ɗaure su ne a tsohon tsayin mota, yanzu suna murɗe dare da rana, biyu sun tsage. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bakin rasor ɗin da aka yanke: bai zauna daidai a kwanonsa ba, da hannu dattijon ya girgiza shi yana motsi.

4/ Duk wannan lalacewa, sunan abu ɗaya kawai muke da shi a baki. Ga dalilin neman kalmar da za ta tattara su duka.

5/ Dakatarwa: ita na'urar fassara ke bayarwa. Wannan ta ma'aikacin da aka dakatar daga aiki ce, ba ruwanta da mota. A ajiye ta.

Rataya, ko maratayin mota: wani malami abokina ya kawo ta, don ita ce ma'anar asalin kalmar Turawa. Na girmama hujjarsa, amma Bahaushe in ya ji an rataye abu, sama zai duba, wajen ƙusa ko reshe. Jikin mota kuwa zaune yake bisa rasor. In ka ce wa mutum maratayin motarka ya lalace, sai ka sake yi masa bayani daga farko, kalmar ba ta yi aikinta ba ke nan.

6/ Ƙafa ita ce ta fi ba ni wahala, domin ba ƙirƙira ba ce, tana bakin masu sana'a. Dattijon nan ita ya faɗa. Makanikan Najeriya ma aikin ƙafa suke cewa, kuma abin da masu aiki suka riga suka zaɓa ba a ture shi da wasa. Matsalarta faɗi. Muna cewa mota mai ƙafa huɗu, tirela mai ƙafa goma sha takwas, taya muke ƙirgawa. Ƙafa ta haɗa taya da birki da kardan (sandar da ke juya taya) da duk abin da ke wajen. In direba ya bugo waya daga hanyar Doso ya ce ƙafar gaba ta samu matsala, ba ka san ko faci zai yi ko rasor ne ya karye ba. Ni a ganina a bar ƙafa a matsayin unguwar baki ɗaya, mu nemi sunan gidan da ke cikinta.

7/ Gammo. Ku tuna macen da ta ɗauko tulu daga rijiya. Tsakanin tulu da kanta akwai gammo. Shi ke karɓar nauyi ya raba shi, shi ke shanye jijjigar tafiya, shi ke sa tulu ya zauna daram ruwa bai zuba ba. Abin da ke tsakanin jikin mota da tayoyinta aikinsa ke nan, ba ragi. Ga kuma siffa: gammo naɗi ne, har maciji in ya naɗe muna cewa ya yi gammo, rasor ɗin ƙananan motoci kuwa naɗaɗɗen ƙarfe ne. Kanawa suna cewa wane ya ɗauki Dala ba gammo. Motar da aka datse wa rasor, aka loda mata mutum biyar, aka nufi Harobanda ta gadar Kennedy, abin da ta ɗauka ke nan.

Na gwada ta a baki kafin in kawo muku. Gammon motar nan ya yi tauri. A duba mini gammon gaba. Gammon Hilux na baya faranti ne, ba naɗi ba. Peugeot 504 da iyayenmu ke yabo a kan gargada, gammonta ne mai kyau. Duk sun zauna a kunnena.

8/ Wani ɗan uwa daga Tawa ya rubuto cewa gammo tsumma ne, ba ya tsalle, ba shi da hannuwa, don haka rasor kaɗai ya dace da sunan. Malam, maganarka tana da ƙarfi, na kwana ina juya ta. Amsata ita ce rasor ya riga ya samu suna, kowa ya san shi, daga mai Hausa har mai Zabarmanci. Ba na son a taɓa rasor, amortisar, rotil da silamblok. Da su ake ciniki a kasuwar Katako da wajen masu kayan gyara, wanda ya je da sabon suna zai dawo hannu wofi. Wurin da babu kowa shi ne sunan taron duka, kuma suna yakan bi aiki: wuyan riga ba ya haɗiya, bakin kogi ba ya magana.

Tun da kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, wata rana za a rubuta littafin koyon makanikanci da ita. Ina so mai rubutun ya tarar da kalma a bakin ƴan gareji, kada ya ɗauko dakatarwa daga na'ura.

9/ Saura motar da aka saukar da gangan. Muna da "ta zauna", amma wannan ta motar da rasor ɗinta ya gaji ne, ko kaya suka danne ta. Wadda mai ita ya sa aka yi wa, ina ganin a ce an durƙusar da ita, kamar raƙumi: durƙusasshiyar mota. Tazarar nan da taya ke hawa a cikinta kuma, wurin lotsawa. Da su bayanin dattijo ya koma jimla ɗaya: an durƙusar da mota, gammo ya rasa wurin lotsawa.

10/ Ta ƙanena an mayar mata da rasor huɗu cikakku, an sa sababbin robobi, an ɗaure silamblok tana tsaye bisa tayoyinta, an sake paralelizim. Kwas ɗin ya tafi. Abu ɗaya ne har yanzu ban samar wa suna mai gamsar da ni ba: fizgar nan da sitiyari ke yi in taya ta hau tudu. Na rubuta "fizgar gargada" na ajiye. Iyayenmu na gareji, na Yamai da Tawa da Ƙonni, ku da hannunku ya san ta, me kuke ce mata?