Babban kanti a unguwar PZ da ke Zariya: ya cancanci mu mara masa baya?

Ɗan Tudun Wada: Jama'a, me babban kanti zai ƙara mana da babu a kasuwar Sabon Gari?

Uwar Biyu: Farashi a rubuce, ba ciniki, ga rasit. Firji ya ƙi aiki, ka mayar da shi tare da takardar garanti.

Na Samaru: Gaskiya ne Hajiya, amma matsalar wutar lantarki ke kashe irin wannan kanti. Injin sanyi ba ya hutawa. An ɗauke, sai janareta, kuɗin dizal ya hau kan kaya. An kashe janaretan kuma, kaza da yogot sun lalace.

Baban Kwangila: Malam, ƙara da awo. Mai sayen tiya ɗaya kasuwa zai nufa, can ake ɗaga masa ƙafa. Sai kantin ya ƙulla shinkafa kilo 1 da 2, ba buhu mai kilo 50 kaɗai ba.