Tiwitar sifikata guda ta mutu, wacce zan sa a madadinta?

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah masana harkar sauti ku taimaka min. Ina da sifiku biyu na ɗaki, Wharfedale Diamond 9.1, ƴan Beljiyam ne na saya a hannun wani a Sabon Gari, lafiya lau suke aiki har ranar da aka yi suna a gidanmu yara suka ƙure musu murya tun safe har la'asar. Tun daga nan ta hagun ta daina fidda siririn sauti, bas na nan amma muryar mutum sai ka ji kamar an lulluɓe shi da bargo. Na kara kunne a kan tiwitar, wato ƙaramar sifikar da ke fidda siririn sautin, shiru kake ji. Na leƙa wajen masu kayan sauti an nuna min kala kala, wata an rubuta 300W wata 500W, mai shagon yace in ɗau mai wat da yawa ba za ta sake ƙonewa ba. A bayan akwatin nawa kuma om 6 aka rubuta, wato awon turjiyarsa ga wuta. To wacce zan ɗauka? Kuma dole sai na canza duka biyun ko gudan ta isa?

Danliti_Waya:
Wa alaikumus salam. Oga kar ka wahalar da kanka, sayi tiwitar fiyezo irin baƙar nan ta roba ka ɗaura, ga araha ga ta da wuyar ƙonewa, ita muke sa wa masu DJ.

Baba_Mai_Rediyo:
Danliti a'a, wannan shawarar ta filin biki ce ba ta falo ba. Fiyezo ba ta da koyil, a wajen wuta kamar kafasita take, shi kuma kirosoban da ke cikin akwatin, wato abin da ke raba sauti tsakanin tiwita da babbar sifikar, an lissafa shi ne da tiwita mai koyil, in ka jona ta haka lissafin ya rushe, ga tsiwa tana soke kunne.

Malam Abban Hanifa kafin ka fidda ko sisi ka tabbatar tiwitar ce ta mutu tukuna. Kwance ta, zare wayoyin biyu, amma ka sa alama a kan wacce ce ta fulos, sannan ka ɗora mita a ma'aunin om. In mita bai motsa ba koyil ya yanke, ta tafi kenan. In ya nuna lamba to tana da rai, ka koma kan kirosoba, wani lokacin kafasita ce ko resista ta ƙone ko dalma ta saki, gyaran ƴan kuɗi kaɗan. In babu mita ɗauko ta daman ka jona a hagun ka ji.

Kuma ka auna mai lafiyar ka rubuta lambar, da ita za ka shiga kasuwa. Om 6 ɗin nan na bayan akwati na akwatin ne gaba ɗaya, ba lallai ya zama na tiwitar ba. Mita kullum ƙasa yake nunawa da abin da aka rubuta, mai om 8 za ka ga wajen 6, mai om 4 wajen 3 da ɗan wani abu, kar ka ce an cuce ka.

Abin da ya sa nake nanata om ɗin nan, ɗauki kirosoba mafi sauƙi, kafasita guda ta 4.7uF. Da tiwita mai om 8 tana yanka a wajen 4,200Hz, ka sa mai om 4 a wurin sai yankan ya haura wajen 8,500Hz, tsakiya ta zama rami, murya ta ɓace. In kuma akasin haka ka yi, aka cire mai 4 aka sa mai 8, yankan ya sauko rabi, sauti mai kauri ya dinga shiga tiwitar, ita kuma ba ta jure shi. Na cikin akwatinka ya fi wannan kaya amma hankalin ɗaya ne.

Zancen 500W kuwa rubutun kwali ne kawai. Tiwitar ɗaki ƴan wat kaɗan take gani a aikin yau da kullum. Abin da ya kashe taka na fi zaton amf ne, wato amfilifaya, aka tura ya wuce ƙarfinsa ya fara yayyage sauti, wannan yagewar kan tiwita take sauka, ko wacce ka sa aka maimaita irin na ranar sunan za ta bi ƴar uwarta.

Sadiq_Hifi:
Baba ya gama magana, ƙari biyu uku kawai. Na farko dB, wato awon ƙarfin ƙarar da sifika ke fitarwa. Akwatin nan 86dB ne, ba mai ihu ba ne, irin tiwitocin ƙaho na kasuwa kuwa suna kaiwa 95 har sama, ka ɗaura ta sai ta danne wufar, wato babbar sifikar mai bas, gaba ɗaya ka dinga jin tsss tsss kawai. In sabuwar ta ɗara tsohuwar da 2 ko 3 ana rage ta da resista biyu, amma wadda ta gaza ba ka da yadda za ka ƙara mata. Na biyu ka duba Fs, wato lambar Hz da tiwitar ta fi karkarwa da kanta a kai, a takardar bayaninta, ana so wurin yankan kirosoba ya kai ninki biyu na Fs ɗin ko fiye, tiwitar da ba ta da takarda ko lambar samfuri ni dai ba na saya. Taka mai kan yadi ce mai laushi, 25mm, ka nemi irinta, mai kan ƙarfe ba laifi gare ta ba amma launin sautinta daban.

Sai girma, wannan shi ke ba mutane haushi bayan sun biya kuɗi. Auna faɗin fuskar, faɗin ramin katakon, zurfi da tazarar ramukan sukurori, don yawancin na kamfani an yi musu fuska ne daidai akwatinsu, na su Dayton Audio, Visaton ko SEAS ba lallai su zauna ba sai an yanka musu zobe. Gaskiya in son samu ne ka sa lambar da ke bayan maganaɗisun a eBay, ko ka sa masu sauke kaya a kasuwar Alaba ta Legas su nemo maka akwati irin naka da wufarsa ta lalace ka cire tiwitar. In ka samu asalin guda ta isa. In wata daban ce to biyu za ka saya, in ba haka ba hagu da dama ba za su taɓa zama ɗaya ba, muryar mawaƙi ta karkace gefe.

Danliti_Waya:
To naji, ni dai nasan mai araha na faɗa masa 😂

Abban_Hanifa:
Allah ya saka da alheri Baba, Sadiq na gode ƙwarai. Na ari mita wajen maƙwabcina, ta hagun ko motsi babu, ta daman ta nuna lamba na rubuta, na kuma jona ta a hagun ta yi ƙara lafiya, kenan kirosoban ƙalau yake. Zan fara neman asalin tukuna. Baba in ban samu ba zan turo hoton kirosoban da awon ramin ku zaɓa min biyu, ka kuma faɗa min lambar resistocin da zan saya.