Musayar Waƙa: Don Williams, Dogo Mai Sanyin Murya

Tsohon Direba:
Bismillah, ga nawa kan Don Williams, mawaƙin country na Amurka, mai iyawa ya amsa.

Dogo na Texas mai sanyin murya,
Hula da gemu, ba ya hayaniya,
Kaset ɗinsa ya sha raka ni daga Kano zuwa Zariya,
A 2017 ya bar mana duniya.

Malamin Aruli:
Direba, ɗango na uku ya fi tirelarka tsawo. Rage masa lodi.

'Yar Fagge:
Malam, bar awo ka kawo baiti,
Kullum gyara, ba ka hawa titi,
Ɗan garin Floydada na Texas waƙarsa na kan saiti,
Sau 17 yana na ɗaya a jerin waƙoƙin country, kai ko na minti?

Kawu Mai Garmaho:
Ku yaran jiya kuna ta zumuɗi,
Kafin Don akwai Jim Reeves, murya maɗi,
Jirgin da yake tuƙawa da kansa ya faɗi,
1964, gab da Nashville, muka kwana ba daɗi.

Tsohon Direba:
Kawu, allurar garmahonka ta karye,
Naka ya je Afirka ta Kudu, ban ɓoye,
Nawa Harare, 1997, ga hujja tsaye,
Gardamarka kamar shayi na shanye.

'Yar Fagge:
Allah ya ja kwana, Direba! Kawu, a koma gida a huta.

Malamin Aruli:
Ku furta 1997 ku ji: alif ɗari tara da casa'in da bakwai. Gaɓa 13 kun cusa a ɗango ɗaya! Wane kari ne zai ɗauki wannan?

Kawu Mai Garmaho:
Gaya musu, Malam.

'Yar Fagge:
Kawu, naka 1964 ɗin fa? Ko shi an yafe masa?

Malamin Aruli:
Shi ma gurgu ne. Na yi shiru ne don furfura.

Kawu Mai Garmaho:
To ai gara ka zage ni.

Tsohon Direba:
Afuwan, kwana biyu ina hanya ba sabis. Na tarar kun manta da mamacin.

Rediyon mota in ya tauna zare,
Biro nake sawa in naɗe shi da dare,
Turancin ban ji duka ba, mun dai zauna tare,
Muryar ta hana ni gyangyaɗi har Azare.

Malamin Aruli:
Wannan na ukun ma ya yi tsawo. Amma bar shi haka.