Jinin da aka busar a takarda ya ƙi ba da sakamako a PCR

Ɗalibar MSc:
Assalamu alaikum malamai. Aikinmu kan bijirewar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ga maganin SP ne, wanda ake bai wa yara da damina. An ɗiga jinin a takardar Whatman 903 cikin Agusta, aka cire DNA da Chelex, wasu 'yan ƙwayoyin sinadari da ake dafa samfuri da su don fitar da DNA. Samfura da dama da madubin ɗakin gwaji ya tabbatar akwai falciparum (nau'in ƙwayar zazzaɓin) a cikinsu ba sa fitar da layi a jel ɗin da ake duba sakamakon PCR, wato gwajin da ke ninka DNA har a iya ganinta. Ina matsalar take?

Malamin Lab:
Wa alaikumus salam. Malama, fara daga shanya. Agusta iska cike take da laima. Ɗigon mikrolita 50 yana buƙatar aƙalla awa uku zuwa huɗu a shimfiɗe cikin inuwa, da damina gara ya kwana. Kada a sa a rana. In aka rufe shi a leda da sauran danshi, funfuna za ta kama shi, DNA ta kakkarye. Kowace takarda da tata ledar da ƙunshin silika mai tsotse danshi, a sauya shi da zarar ya canza launi. Ajiya mai tsawo kuwa sai firiza, a digiri −20.

Dakta a sashen ƙwayoyin cuta:
Ni Chelex ɗin na fi zargi. A yanko da'irar milimita 3, a jiƙa a saponin (sinadarin da ke fasa ƙwayoyin jini) kashi 0.5 cikin ɗari, ta kwana a digiri 4. Washegari a zubar da jan ruwan, a wanke da PBS, wato ruwan gishiri na ɗakin gwaji. Nan ake yawan yin gaggawa, alhali jan sinadarin jini yana hana Taq (sinadarin da ke kwafar DNA a PCR) aiki, don haka in takardar ba ta yi haske ba a sake wankewa. Sai a zuba Chelex kashi 20 da ruwa mai tsafta, a dafa minti 10 a digiri 95 zuwa 100. A juya a injin centrifuge, mai kwantar da guntaye ƙasa, sau biyu, kowane karo a kwashe ruwan sama zuwa sabon bututu. Ƙwayoyin Chelex ko kaɗan suka biyo, za su kama magnesium ɗin da Taq ke buƙata, aikin ya tsaya cak.

Wani abu kuma, 'yar'uwa: daga yatsa aka ɗiga jinin, ko daga kwalba? In mai heparin ce, wato maganin hana jini daskarewa, ita ma tana danne PCR. Kwalba mai EDTA, wani maganin hana daskarewar, ake so.

Ɗalibar MSc:
Daga yatsa ne, Dakta. Yaya za a bambance lalacewar DNA da abin da ke danne ta?

Dakta a sashen ƙwayoyin cuta:
Ki sirka samfurin, kashi ɗaya cikin goma, ki maimaita. In layi ya fito, mai dannewa ne. Ko ki ƙara DNA ta 3D7 (falciparum da ake renonta a ɗakin gwaji) kaɗan cikin samfurin da ya ƙi: in ita ma ta ɓace, wankin ne bai yi ba, in ta fito, koma kan shanya da ajiya. Ki fara tabbatar da layin 205 bp na 18S, wato layin da ke nuna akwai falciparum, kafin ki ɓata kayan aiki a kan dhfr da dhps, sassan DNA da ake duba bijirewa SP a cikinsu. Tsakanin samfuri da samfuri a goge abin hudawa, a huda farar takarda sau uku, a riƙa saka ɗaya daga ciki a kowane zagaye don gano gurɓata.