Kunun tsirona ya daina zaƙi tun shigowar hunturu

Maman Yara, Argungu:
Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina dama kunun zaƙi da tsiron dawa, ko cokali ɗaya na sukari ba na sawa, in ɗura a gorori a kai bakin tasha. Ƙanena ya kawo mini wani ɗan ma'aunin zaƙi mai kama da gajeren bututu, ana ɗiga ruwan kunun a kan gilashinsa a leƙa ta wajen haske. Da damina 11 ko 12 yake nuna mini. Tun da sanyi ya shigo 7 nake gani, jiya ma 6. Na buɗe robar da asuba na tarar da shi kirtif kamar koko, ya ƙi tsinkewa. Ban canza awo ba: tiya uku ta dawa, rabin tiya ta tsiro mai kwana uku, citta da kanumfari. Gora 14 aka dawo mini da su. Da wannan sana'ar nake biyan kuɗin makaranta, don Allah a taimaka.

Inna, Jega:
Wa alaikumussalam 'yata. Kwana uku lissafin damina ne. Da hunturu dawa ba ta saurin tsirowa, sai ki ba ta kwana biyar, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu a cikin ɗaki, kina yayyafa ruwa safe da yamma. Ki tauna ƙwaya ɗaya. In ta narke kamar alli, ta yi. In har yanzu da tauri, da saura. Sannan ki gaya mini, yaushe kike zuba ƙullin tsiron?

Malamin Kimiyya, Birnin Kebbi:
Hajiya, tambayar Inna ita ce gaɓar. A cikin tsiro akwai sinadarai da ake kira amiles, su ke yanyanka sitacin hatsi ya koma sukari, shi ya sa kunu yake tsinkewa ya yi zaƙi. Suna aiki sosai tsakanin digiri 60 da 70, amma in zafi ya doshi 80 sun mutu, ba sa farfaɗowa. Shi kuwa sitacin dawa ba ya nuna sai zafi ya haura 70. Kin ga hikimar iyayenmu da suke raba ƙulli biyu: a dama babban kaso da tafasasshen ruwa ya nuna, a bari ya ɗan huce, sannan a zuba na tsiron. Kamfanonin abin sha ma sun sha wannan wahalar da aka hana shigo da tsiron sha'ir Najeriya a 1988 suka koma dawa, domin tsironta bai kai na sha'ir ƙarfin fitar da zaƙi ba. Ki markaɗa ɗanyen dankalin Hausa biyu tare da tsiron, yana da irin sinadarin da dawa ke ƙarancinsa. Kuma bayan shanya tsiron ki murje saiwar da tohon ki sheƙe su, akwai guba a cikinsu.

Ɗan Yauri:
Yaya, gwada ma'aunin da ruwa zalla tukuna, ya kamata ya nuna 0. Kuma ki tace abin da za ki ɗiga, ya huce. Ruwan da kike ƙarawa wurin tata ma, da roba ɗaya kike auna shi kullum?

Maman Yara, Argungu:
Allah ya saka muku da alheri. Ɗan Yauri, ma'aunin lafiyarsa ƙalau, ruwan ma bai canza ba. Inna, kin gano ni. Saboda sanyi nake tsoron kada damun ya huce, sai in juye tsiron nan take yana tururi, ashe kashe shi nake yi da hannuna. Daren jiya na jira har na iya tsoma yatsa in cire da sauri ban ƙone ba, na zuba tare da dankalin, na rufe robar na naɗe ta da tsohon bargo. Kafin in gama wanke-wanke na ji muciya ta fara yawo a ciki babu nauyi. Yau da safe 10 ya nuna. Na jiƙa sabuwar dawa, ranar Talata za ta cika kwana biyar, in sha Allah zan dawo in faɗa muku abin da ya nuna.