Shawarwari Kan Tara Zanen Ƙauyukan Masunta na Bakin Teku

Masu tara zanen fentin ruwa da suka tattauna kan ƙauyukan masunta na yankin Cornwall a Ingila, irin su Polperro da Newlyn, sun fi ba da ƙarfi ga tantance zane na asali. Shawararsu ita ce a duba takardar da gilashin ƙara girma, domin hoton da inji ya buga yakan nuna ɗige-ɗige a jere, alhali zanen hannu yana da alamar fensir a ƙarƙashin launi da gefen da ruwa ya bushe. An kuma ce a juya bayan zanen, inda sau da yawa mai zanen ya rubuta sunan ƙauyen da shekara.

Kan farashi ra'ayi ya rabu, amma ni na fi gamsuwa da masu cewa aikin wanda ba sana'arsa ba ce zane a saye shi don sha'awa, kada a sa ran riba. Wajen adanawa kuwa babu saɓani: hasken rana yana dusashe launi, danshi kuma yana jawo tabo mai launin ruwan ƙasa a jikin takarda, saboda haka a rataye shi a bango mai inuwa, a kuma bar ɗan rata tsakanin gilashi da takardar.