Wa Zai Kashe Bahago?

Tsohon Tela, Nima:

Assalamu alaikum. Jiya bayan isha'i musu ya kaure a wajen mai ataya kan wanda zai iya karɓe sarautar damben boksin ta ajin masu nauyi a hannun Usik, har wani yaro ya kifar da buta. Na ce tunda baki ya kasa, a mai da shi waƙa. Duk mai ja ya amsa da baiti.

Na ajje keke, na ajje zare,
Na ɗauki biro cikin dare,
Zancen dambe za mu yi a zaure,
Kowa ya zo da abin cewa.

Bahagon Yukren nake wa kirari,
Usik, guntun ƙarfe mai tauri,
Ba ya fushi, ba ya yin sauri,
Shi ke da fage, ba mai musawa.

Daga ajin ƙasa ya hauro,
Ƙattan suka ce ga ɗan yaro,
Da ya taka sai suka ji tsoro,
Ƙafar tasa ba ta tsayawa.

Joshuwa sau biyu ya sha kashi,
Landan da Jidda, duk ya bi shi,
Fiyuri dogo ya zo da fushi,
Sau biyu a Riyad ya kasa wucewa.

Dubuwa ya ce a Folan an cuce shi,
Naushinsa aka ce ƙasa ya kai shi,
Wambale 2025 aka sake ba shi,
Turmi na biyar ya kasa tasowa.

Ni tela ne, na san awo,
Yana auna ka kafin ya kawo,
Turmi shida ya bar ka kana yawo,
Na bakwai ya fara yankawa.

Direban Asawase, Kumasi:

Baba, ina gaisuwa. Na tsaya a Nkawkaw shan ruwa na ga wannan, na kasa haƙuri.

Baba, da girmanka, ni ban yarda ba,
Rigar da ka ɗinka ba ta kai gwiwa ba.
Ka yi wa ɗan Yukren aiki aska takwas,
Ɗan Shagamu ko hula ba ka ba shi ba.
Joshuwa namu ne, jinin Ogun,
Taswirar Afirka a kafaɗa bai ɓoye ba.
2017 a Wambale, mutum dubu 90,
Ka tuna daren, ko ba ka kalla ba?
Kilichko ya kwantar da shi a turmi na shida,
Ya miƙe, bai ce a ɗauke shi ba.
A na sha ɗaya ya ɗaga masa haɓa,
Irin ɗagawar da jak bai yi wa mota ba.
Inganu da ya kai Fiyuri ƙasa,
A hannunsa bai ga ƙarshen turmi biyu ba.
Shekara nawa ina Kumasi zuwa Ankara,
Ban ga tirela ta kauce wa keke ba.

Inna Mai Wake da Shinkafa, Mamobi:

Ɗana direba, taka birki, ga kwana,
Tirelar taka na san ta tun jiya.
Ƙirji kamar ƙofar babban masallaci,
Haɓa kuwa tangaran ɗin ɗakin amarya.
2019 a Niyok wa ya kashe shi?
Ruwis gajere, mai tumbi kamar tukunya.
Sau huɗu yana faɗi yana tashi,
Turmi na bakwai ya jingina da igiya.
Za ka ce ya rama. E, ya rama,
Da tsikari daga nesa da ja da baya.
Dubuwa fa, a Satumban 2024?
An je kallon sarki, aka koma dubiya.
Tun turmi na fari ƙafa ta saki,
Na biyar ya kife, aka rasa ta cewa ko ɗaya.
Zinaren Landan na 2012 da kuke taƙama,
Usik ma ya ci nasa a can, gasa ɗaya.
Ina son yaron, yana da ladabi,
Amma in shinkafa ta caɓe, faɗi ba kunya.

Malamin Makaranta, Sabon Zango:

Inna, a yi wa direba sassauci, yana kan hanya. Ni dai na ga an wuce wani babba ba a gaishe shi ba.

Kun manta Fiyuri, sarkin baki,
Ya haura mita biyu, ga faɗin jiki,
Amma ya yi rawa kamar ɗan biki,
Ya ɗora maka nauyi kamar kai jaki,
Numfashinka ya ƙare tun da wuri.

2015 har Jamus ya bi shi,
Kilichko mai shekara tara kan karagarshi,
Ya hana shi sakin hannu da naushi,
Ya karɓe kambu ya bar shi da haushi,
Jamusawa suka watse ba kirari.

Sai damuwa ta kama shi da kokawa,
Giya da ƙiba, ya bar fitowa,
Aka ce shi ke nan, ba ya dawowa,
Ya dawo, ya faɗi ciwonsa ba ɓoyewa,
Wannan ya fi min kambun zinari.

2018, turmi na sha biyu,
Wailda ya sauke masa dama da hagu,
Ya kwanta shame-shame kamar ya mutu,
Mu a Sabon Zango har mun yi shiru,
Ya tashi kamar ya ji gangar sahuri.

Aibinsa raini da yawan wasa,
Inganu sabon shiga ya kai shi ƙasa,
Turmi na tara Usik ya gasa masa,
Igiya ce kawai ta riƙe bayansa,
Yana tangaɗi a gaban duk gari.

Yau ya yi ritaya, gobe ya dawo,
Kamar wutar dumso, ta ɗauke ta kawo,
In an sa rana ni dai zan zo,
Ko da bakin kawai ya ɗauko,
Dambe ba shi miya ce ba gishiri.

Mai Ataya, Nima:

A wajena aka fara rigimar, kuma butata aka kifar, don haka ina da hakki.

Ataya zubi uku ce a wajena,
Dubuwa zubin fari ne, mai ƙona.
Mila da Hargobic sun kurɓa sun ji,
Joshuwa ya sha ta gangara har ƙirji.
Amma in mai sha ya iya fifita,
Zafin ya tafi, sai ruwa a buta.
2020 Jois ya fasa masa ƙashin ido,
Ya durƙusa, 'yan gulma suka fito.
Ni ban ce rago ba, ido ba wasa ba ne,
Mai zagi daga benci ɗan kallo ne.
Wailda kuwa gawayi ne, ya ci ya cinye,
Damar na nan, ƙafafun ne suka janye.

Yaro Mai Gyaran Waya, Madina:

Iyayena, ku ɗan ba ni dama,
Da tsofaffin wayoyi kuke ta fama,
Batir ya kumbura, caji ba ya zama,
Sabon samfuri ya fito: Itauma.

Haihuwar 2004 ne, ku ji,
Uba ɗan Najeriya, ga faɗin ƙirji,
Bahago ne shi ma, sara irin na maciji,
Kafin ka ƙifta ido an gama.

Wayit da ya ga jiya ya ga yau,
Agustan 2025 ya shiryo da kyau,
Minti biyu ba su cika ba, tau!
Shayina ko hucewa bai yi ba ma.

Ga Wadli, daga ofis ya bar aiki,
Ana gaba da shi a lissafin maki,
Ya saki dama ɗaya, Huni ya ji jiki,
Faka ma a na sha ɗaya aka yi sallama.

Mahaucin Aboabo, Kumasi:

Tun ɗazu ina karantawa ina dariya. Tela, direba, mai waya, kowa ya zama gwanin dambe, masu abin na zaune.

Ku ba ni wuri, dambe gadon fawa ne,
Kakana da kara a hannu ya yi samarta,
Can Arewa ake jin kiɗansa bayan kaka,
Kan ya biyo shanu Kumasi ya zauna kwata.
Kowa na yabon mai dukan kai,
Ni nawa gwanin mai neman hanta.
Kabayel, Bakurden Jamus, ba ya surutu,
Awaza yake bi, ɗaya bayan 'yar'uwarta.
Makmudof ƙaton Rasha, turmi huɗu,
Ya durƙusa yana neman iska ya rasa ta.
Sanches na Kuba ya ja har bakwai,
Ciki ya gaji, gwiwa ta ce a huta.
Jang na Sin ya kai shi ƙasa a na biyar,
Ya tashi, a na shida ya sa shi ya kwanta.
Aibinsa yana shiga da kai a buɗe,
Mai saurin hannu zai iya yi masa cuta.
Amma ku tuna naushin Dubuwa a Folan,
Halas ne ko haram, ƙofar dai mun gan ta.
Bijimi komai gudunsa, in ciki ya ƙi,
Ƙafar da Baba ke yabo dole ta dakata.
Wadli na bin bashin maki yana biya da naushi,
Ran da naushin bai zo ba, kasuwa ta ɓata.
Kai kuma ɗana mai waya, ɗan marakinka,
Nama ne mai kyau, saura mu ga ya sha wuta.
Turmi na goma bai taɓa leƙawa ba,
Can ake bambance maza da 'yan mata.

Inna Mai Wake da Shinkafa, Mamobi:

Sarkin yanka, cire mata a bakinka,
Turmi namu ne, aro ka yi abinka.
Turmi goma nake daka kan ka tashi,
Ba ƙararrawa, ba mai shafa min ruwa a goshi.

Mahaucin Aboabo, Kumasi:

Tuba nake, Inna. Na janye baitin ƙarshe, sauran suna nan.

Direban Asawase, Kumasi:

Na iso tasha lafiya. Ga sauran nawa.

Inna ta kashe ni, ni ban musa ba,
Amma 'yan Ankara, wata tambaya ba ku amsa ba.
Najeriya ta yi Samuel Pita a 2008,
Kambun masu nauyi, ba a mafarki ba.
Ajagba na nan, dogo mai dama,
Ya yi canjaras da Bakole, bai faɗi ba.
Bakolen Kwango saura kwana biyu aka kira shi,
Faka ya kashe shi, bai zo da shiri ba.
Ali da kansa ya zo Gana a 1964,
Ya sa kente, bai wuce Kumasi bai gaishe mu ba.
Ku masu Bukom, unguwar 'yan dambe, masu kenke da kifi,
Ina ƙatonku? Har yau ban gan shi ba.

Tsohon Tela, Nima:

Ɗana, ka sosa wurin ƙaiƙayi,
Bukom ba ta da sarki a masu nauyi,
Amma ƙanana sun yi abin da suka yi,
Duniya har yau tana tunawa.

1975 ina yaron shago,
D.K. Poison ya je Amurka ya ɗauko,
Kambun farko da Gana ta samo,
Nima ta kwana tana rawa.

A 1984 Azuma ya je,
Har gidan Gomes, ƙasar waje,
Turmi sha ɗaya ya sa shi ya baje,
Farfesa ne, yana dambe da ƙwaƙwalwa.

Shi nake gani a jikin Bahago,
Ba ya tsoron ƙato ko dogo,
Irin damben da muke so a Zango,
Ƙarami ya sa babba durƙusawa.

Amma mahauci ya faɗi gaskiya,
Ciki ne ƙofar, ba ni da ja ko ɗaya,
Ga haihuwar 1987, an sha tafiya,
Ƙafa ma tana da ranar gazawa.

Itauma a bar shi ya ƙara nuna,
Kar a sa wa sabon yadi guga ya ƙona,
Joshuwa da Fiyuri su daina barazana,
Su haɗu tun ana sha'awa.

Mahauci, ga alkawari, ba caca ba,
In Kabayel ya kashe shi, ban ja ba,
Riga aska takwas, ko sidi ba za ka biya ba,
In ya kasa, sai kan sa, ba ragewa.

Malamin Makaranta, Sabon Zango:

Baba, wannan "ba caca ba" ɗin naka ya yi kama da caca ƙwarai. A gyara. Kai ka ɗinka rigar, shi ya aiko da kan, ko wa ya ci. Sai ya zama zumunci.

Mahaucin Aboabo, Kumasi:

Na yarda da hukuncin Malam, ni na ci riba,
Kan sa da ƙafafu huɗu, ban rage ba.
Baba, faɗin kafaɗata ka ƙara yadi,
Ni ma a ajin masu nauyi nake tun ran Lahadi.

Yaro Mai Gyaran Waya, Madina:

Ni fa ba a sa ni a rabo ba. In Itauma ne ya riga Kabayel, hular tawa ce.

Inna Mai Wake da Shinkafa, Mamobi:

Direba, kai za ka ɗauko kan daga kwata,
Ka sa a ƙanƙara, kar rana ta ɓata.
Ka sauke a Mamobi, ni ce mai dahuwa,
Harshen na Malam ne, Baba ya ci ƙwaƙwalwa.
Mai ataya ya zo da sabuwar buta,
Haɓar kuwa taka ce, ka kai wa gwaninka ya musanya ta.